Wa ake kira dakare: mai yaƙi a ƙasa kaɗai, ko har da masu bin runduna?

Ɗan_Tsangaya:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Akwai abin da ya daɗe yana yi mini kai-kawo a rai. Kullum a labarai sai ka ji "dakarun sojin sama sun yi luguden wuta", "dakarun ruwa sun kama jirgi", har da "dakarun Hisba". Ni kuwa abin da na tashi na sani shi ne, dakare mayaƙi ne mai tafiya da ƙafarsa, kishiyar barde mai doki. To wanda ke cikin jirgin sama ta ina ya zama dakare? Tambaya ta biyu: a da idan sarki ya fita yaƙi ba mayaƙa kaɗai ke fita ba. Akwai zagage, da masu yankan ciyawar dawaki, da 'yan dako, da makaɗa, da maƙera. Su ma ƙasa suke takawa. Suna cikin dakaru, ko sai wanda ya riƙe makami? Masana ku taimaka.

Barden_Yamma:
Wa alaikumus salam. Malam Ɗan_Tsangaya, a kan ta farko kana da gaskiya. Rundunar sarakunan Hausa gida biyu ce: masu dawaki da dakaru. A cikin masu dawaki akwai 'yan lifidi, waɗanda ake lulluɓe su da dawakinsu da rigar auduga mai kauri don kada kibiya ta ratsa, akwai 'yan sulke, akwai barade masu saurin kai hari. Tarihin Kano ya nuna Sarki Kanajeji, wanda ya yi sarauta daga 1390 zuwa 1410, shi ya fara kawo lifidi da kwalkwali da sulke. Dakaru kuwa su ne 'yan baka masu kwari cike da kibiya mai dafi, da masu mashi da garkuwa, da masu takobi, da masu gatari ko barandami, daga baya aka samu 'yan bindiga. Galibinsu manoma ne. Sai an gama kaka, amfani ya shiga rumbu, sannan a buga kuge su fito, kowa da makaminsa da guzurinsa. Shi ya sa yaƙi ya fi yawa da rani. Ta biyun ce mai wuya, bari mu ji malamai.

Mai_Fassara:
Ni aikina ke nan, fassarar labarai, don haka bari in kare abokan aikina. Kalmar soja aro ce daga Turanci, kuma a kunnen mai sauraro tana nufin wanda gwamnati ta ɗauka, ta ba shi kaki da albashi. To yaya za ka kira rundunar RSF ta Sudan? Idan ka ce sojoji, ka haɗa su da sojojin gwamnatin da suke yaƙa. Idan ka ce 'yan tawaye ko 'yan ta'adda, ka yanke hukunci, kuma ba aikin mai karanta labari ba ne. Dakaru ta zauna a tsakiya, ba ta yabo ba ta zagi. Haka dakarun kare juyin juya hali na Iran, waɗanda rundunarsu daban take da ta sojojin ƙasar na yau da kullum. Haka dakarun wanzar da zaman lafiya na Majalisar Ɗinkin Duniya. Mun samu kalma tamu ta gado wadda doki ya tafi ya bar ta ba aiki, muka ba ta sabon aiki. Ban ga laifi a nan ba.

Ɗan_Tsangaya:
Na gamsu da batun RSF. Amma "dakarun sojin sama" fa, Malam Mai_Fassara? Ai ga soja nan a cikin jimlar, me dakaru ta ƙara?

Mai_Fassara:
A wannan kam cikon baki ne, ni ma ba na rubuta shi. Sojojin sama ya wadatar.

Almajirin_Soro:
Allah ya saka da alheri. Tambaya ta biyu malaman fiƙihu sun daɗe da zama a kanta, domin rabon ganima ya rataya a kanta. Larabci yana da farisi, mai doki, da rajili, mai ƙafa. A suratul Baƙara aya ta 239, wajen sallar tsoro, an ce "fa rijalan au rukbanan", wato kuna tafe a ƙasa ko kuna bisa abin hawa. A wajen rabo, bayan an fitar da humusi, wato kashi ɗaya cikin biyar, Malik da Shafi'i da Ahmad sun tafi a kan mai doki yana da kaso uku, ɗaya nasa biyu na dokinsa, mai ƙafa kuma kaso ɗaya. Abu Hanifa ya ce mai doki kaso biyu ne. Sai kuma Risala ta fiƙihun Malikiyya, wadda duk almajirin ƙasar nan ya karanta, ta zo kan masu bin runduna ta ce ba a yanka wa ɗan ƙodago kaso sai in ya yi yaƙi. Yaro ma da bai balaga ba, sai in yana iya yaƙin, shugaba ya ba shi izini, kuma ya gwabza. Ka ga a nan ba takawa a ƙasa aka duba ba, shiga faɗan aka duba. Wanda aka ɗauko don ya yi kiwon raƙuma ko ya ɗauki kaya ladan aikinsa zai karɓa, amma ranar da ya zare takobi ya shiga sahu, ya zama rajili cikakke. Ni a kan wannan ma'auni nake fahimtar dakare.

Uwar_Marayu:
Allah gafarta Malam, na ji hukuncin rabo, amma akwai abin da ke damuna. A 1826 Baturen nan Clapperton ya ga yadda rundunar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ta kai wa Gobirawa hari a Konya. Ya ƙiyasta mayaƙan da dubu 50 zuwa 60, ya ce fiye da kashi tara cikin goma a ƙasa suke. Amma wadda ya fi yabawa a ranar wata tsohuwa ce, baiwa Bazamfara, tana bisa doki da goruna cike da ruwa da tasar tagulla, tana ratsa inda kibau ke zuba tana shayar da masu ƙishi da waɗanda aka raunata. Ba ta riƙe mashi ba. A ma'aunin rabo ba ta da kaso, a ma'aunin Barden_Yamma ba barde ba ce, ba dakare ba ce. To mece ce? Kibiyar da za ta samu ɗan baka ita za ta same ta. Ina ganin harshenmu ya yi wa irinta rowar suna.

Almajirin_Soro:
Hajiya, maganarki tana da nauyi. Rashin kaso ba rashin daraja ba ne. A Uhudu ma mata sun ɗauki salkunan ruwa suna shayar da mayaƙa, cikinsu har da Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda. Ni dai iyakar kalmar nake nema, ba iyakar lada ba.

Gobir_Gidan_Faɗa:
Ku yi mani haƙuri in faɗi wadda ba a son ji. Dakare ba sunan yabo ba ne a da. Duba sarautu: Madawaki, Ubandawaki, Sarkin Dawaki, Barde, Lifidi, duk na bisa doki ne, su ke zama kusa da sarki, su ake yi wa kirari, su ake ba garuruwa. Talaka da bawa su ne a ƙasa. In an yi nasara mai doki ke bin masu gudu ya kwashi ganima, in an karye shi ke fara tsira, dakare ya rage a fili. Don haka a idon fada tazarar da ke tsakanin dakare da zagi ba ta da yawa, duk mabiya ne. Wannan ɗaukaka da kuke ba kalmar ta zamani ce.

Na_Giginya:
Ɗan'uwa Bagobiri, ai kai ne ya kamata ka san ƙarfin dakare fiye da kowa. A Tafkin Kwatto, watan Yuni 1804, mi jama'ar Shehu ta ad da shi? Dawakinsu ba su wuce kamar 20 ba. Sarkin Gobir Yunfa ya zo da 'yan lifidi da Azbinawa, amma 'yan baka sunka tsaya ƙarƙashin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, sunka karya su. Can ma Badar, Musulmi ɗari uku da 'yan kai, dawaki biyu kacal, raƙuma 70 ana karɓa-karɓa. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, in yawan ya san abin da ya fito yi.

Gobir_Gidan_Faɗa:
Na_Giginya, ban musa Kwatto ba. Amma ka ƙarasa labarin. Bayan 'yan watanni a Tsuntsuwa me ya faru? Jama'ar Shehu ta rasa mutum wajen 2,000, cikinsu mahaddata Alƙur'ani kusan 200. Kuma da Alƙalawa, babban birnin Gobir, ta faɗi a 1808, daula ta kafu, su kansu masu jihadin doki suka koma wa. Jikokin 'yan bakan Kwatto su ne suka zama masu lifidi, wasu talakawan kuma suka gaji takawa a ƙasa. Bature Barth da ya zo Kano a 1851 ya ce sarkinta yana iya tara dawaki 7,000 da masu ƙafa fiye da 20,000. Sunan wa aka riƙe a cikin dubu ashirin ɗin nan?

Barden_Yamma:
Ku biyun duk kuna kan hanya, amma kada a ce fada ba ta san dakaru ba. Akwai Sarkin Baka, akwai Sarkin Bindiga, kuma tun zamanin Babba Zaki, 1768 zuwa 1776, Sarkin Kano yake da 'yan bindiga masu tsaron lafiyarsa. Abin lura a nan, masu hidima suna da nasu shugabannin daban: zagage suna da Sarkin Zagi, barga tana hannun Shamaki, makaɗa da maƙera kowa da sarkinsa. Da a ce duk dakaru ne, da ba a raba musu jagoranci haka ba. Sannan akwai wurin da doki ba ya da amfani ko kaɗan. Garin da ke da ganuwa da gwalalo, barde sai dai ya yi ta zagaye, dakare ne zai hau ko ya fasa ƙofa. Duwatsun Ningi sun daɗe suna gagarar dawakin Kano da Bauchi. A kurmi kuma ƙudan tsando ke kashe doki, shi ya sa rundunar Dahomey kusan duk a ƙasa take, har da matan nan mayaƙa da suka gwabza da Faransa a 1890 da 1892.

K'Lela_Ce_Ni:
Tun ɗazu nake jira a ambace mu. Mu da Hausawa ke kira Dakarkari, ɗaya Badakkare, sunan da muke kiran kanmu Lelna ne, harshenmu C'Lela. Bayanin da ya fi yawo a bakin manya shi ne daga dakare sunan ya fito, saboda kakanninmu su ne mayaƙan ƙasa na daular Kabi tun zamanin Kanta. Kuma har gobe ƙasar Zuru an san ta da shiga soja. Don haka Malam Gobir_Gidan_Faɗa, in ma a fada kalmar ba ta da kwarjini, a wajenmu ba a jin ta a matsayin ɗan rakiya. Wanda aka sa a gaba ya tari mashi da ƙirjinsa ake nufi.

Gobir_Gidan_Faɗa:
'Yar'uwa, Allah ya huci zuciyarki. Yadda masu mulki ke kallon dakare na faɗa, ba yadda ya cancanta a kalle shi ba.

Tsohon_Saje:
Bari wanda ya sa takalmin ya ce wani abu. Rikicin da ya fi wannan shi ne na "sojan ƙasa". A Hausa ta yau sojan ƙasa yana nufin duk rundunar da ba ta sama ba ce ba ta ruwa ba. Amma a cikinta akwai masu tankokin yaƙi, akwai masu manyan bindigogi, akwai injiniyoyi, akwai masu sadarwa, akwai likitoci, akwai masu jigilar abinci da harsashi. Sai kuma mu, 'yan infantiri, waɗanda cibiyarmu da makarantarmu ke Jaji. Mu ne ke shiga daji da ƙafa, mu tona rami mu kwana a ciki, mu riƙe wurin da aka ƙwato. Jirgi yana iya ragargaza wuri, amma ba ya iya zama a wurin. To mu ba mu da suna a Hausa yanzu, domin dakaru da ya dace da mu an raba wa kowa. In da za a ji tawa, a bar mana dakaru, sauran a kira su sojoji.

A kan masu hidima kuma, yanzu abin ya canja. Duk kurtun da ya bi ta Depot, wurin horar da sababbin sojoji a Zariya, ko direba zai zama ko kuku, sai ya koyi harbi da fareti tukuna. Na sha ganin an yi wa ayarin motoci kwanton ɓauna, direba ya diro ya kama bindiga ya kwanta kusa da ni. A wannan lokacin ba wanda ke tambayar sashen da ka fito.

Ɗan_Tsangaya:
Ranka ya daɗe Saje, Allah ya saka muku da alheri. Amma ku ma ai a mota ake kai ku, wasu ma ta laima suke sauka daga jirgi. Ina tafiyar ƙafar?

Tsohon_Saje:
Ɗana, ba yadda ka je ake dubawa ba, yadda ka yi faɗan ake dubawa. Mota ta sauke ka ta juya, saura kai da ƙafarka.

Na_Giginya:
Maganar Saje ta tuna mani da Kwatarkwashi, Fabrairun 1903. Sojan Turawa da sunka haɗu da rundunar Wazirin Kano Ahmadu ba su kai 50 ba, kuma bisa dawaki sunka zo. Da sunka hangi barade sai sunka sauka, sunka yi sahu mai kusurwa huɗu, sunka buɗe wuta. Barade sunka yi ta kai hari har Waziri ya faɗi. Ga doki ga doki, amma wanda ya sauka ya zama dakare shi ya ɗauki ranar. Haka ta faru a Giginya ta Sakkwato ranar 15 ga Maris, ga bindiga mai ruwa. Abin baƙin ciki, da yawa cikin masu harbin nan Hausa suke ji, don tun 1863 Bature Glover ya fara tara Hausawa a Legas yana ba su bindiga, kuma daga nan sojan Najeriya ke ƙirga asalinsa.

Jikan_Mazan_Jiya:
Ni maganar Hajiya Uwar_Marayu ce ta taɓa ni. Kakana ya je Burma a yaƙin Hitila, cikin runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma, wadda ta yi yaƙi a kwarin Kaladan a 1944. Ba a ba shi bindiga ba. Yana cikin rukunin masu ɗaukar kaya a ka: harsashi, abinci, sassan manyan bindigogi, har da waɗanda aka raunata. Adda ce makaminsa, da ita suke sare daji su buɗe hanya. Dalilin da ya sa aka kai rundunar can ke nan, tana iya ratsa tsaunuka da kurmin da mota ba ta shiga, saboda irin su kakana. Yana da lamba, yana da kaki, ya sha ruwan wuta kamar kowa. Da ya dawo, a gari soja ake ce masa, amma in tsofaffin sojoji sun taru wasu sukan ce ai shi ɗan dako ne, kuma abin yana yi masa ciwo har ya rasu. Duk barikin da kuka ji an sa wa Myohaung ko Arakan a Legas, ko Dalet a Kaduna, sunayen wurare ne a Burma, kuma da wuyan irinsu aka kai wuraren. In aka ce kakana ba dakare ba ne, ni ban yarda ba.

Uwar_Marayu:
Allah ya jiƙansa da rahama. Kuma ba su kaɗai ba ne. A yaƙin duniya na farko a Gabashin Afirka, 'yan dakon da suka mutu a ɓangaren Ingila sun kai wajen 95,000, sun ninka sojojin da suka mutu sau da yawa, galibi yunwa da cuta suka kashe su. Unguwar Kariakoo a Darussalam da Kariokor a Nairobi daga sunan rundunar 'yan dakon suka samo suna.

Ɗan_Damagaram:
Gaisuwa daga Nijar. Mu nan da Faransanci muke aiki, kuma malaminmu na tarihi ya taɓa nuna mana cewa kalmar da Turawa ke kiran sojan ƙafa da ita daga Italiyanci ta fito, daga kalmar da ke nufin yaro ko bara. Wato yaron mai doki, wanda ke bin sa a ƙasa yana riƙe masa kaya, shi ne daga baya ya zama rundunar kanta. Ka ga su ma can mabiyi da mayaƙin ƙasa daga tushe ɗaya suka fito. Wannan ya ƙarfafa maganar Bagobiri, ya kuma ƙarfafa ta Jikan_Mazan_Jiya.

Sabon_Shiga:
Don Allah ku gafarce ni, yaro ne ni a nan. Sojojin baka da ake ji a rediyo suna kare 'yan siyasa, suna da alaƙa da 'yan bakan da kuke faɗa?

Barden_Yamma:
Babu, ƙanena. Wancan baka na baki ne, wannan na harbi. Rubutu ɗaya, karin sauti daban.

Almajirin_Soro:
Malam Jikan_Mazan_Jiya, Allah ya gafarta wa kakanka. A ma'aunin da na kawo ma shi ba ɗan ƙodago ba ne, tunda an rubuta sunansa a runduna, ya fita da niyyar yaƙin, ya halarci fagen. Wanda na fitar shi ne mai bin sansani don ciniki ko don lada, kamar mai sayar da ciyawa ko maroƙi. Ɗan_Tsangaya ya jero su duka a jimla ɗaya, ni kuwa ina ganin ba ɗaya suke ba. Zagin da ke riƙe da linzamin ubangidansa a tsakiyar fage daban, makaɗin da ya tsaya a sansani daban.

Barden_Yamma:
Allah gafarta Malam, makaɗan yaƙi ba sa tsayawa a sansani. Tambari da kakaki tare da sarki suke, da su ake sanar da a kai hari ko a ja da baya, kuma mai kirari yana bayan jarumi yana zuga shi. In ka shigar da zagi, ban ga ta inda za ka fitar da su ba. Shi ya sa ni na fi son a bar dakare ga mai makami kawai, sauran kowa a kira shi da sunan aikinsa, zagi zagi, makaɗi makaɗi, ba tare da an rage wa kowa daraja ba.

Jikan_Mazan_Jiya:
To Yaya Barde, a wannan tsarin naka kakana ɗan dako ne ke nan, sunan da ya ƙi har ya koma ga Allah.

Tsohon_Saje:
A'a. Mutumin da ya ɗauki harsashina a kansa ya biyo ni har bakin rami, ni dakare nake ce masa, ko littafi ya yarda ko bai yarda ba. Matuƙin jirgin sama ne dai har yanzu ban ga ta inda ya shigo ba. Malam Mai_Fassara, in an ba ka labarin da aka yi aikin haɗin gwiwa, sojan sama da na ƙasa da 'yan sa-kai duk a wuri ɗaya, me za ka rubuta a kanun labarin?

Mai_Fassara:
Dakarun haɗin gwiwa zan rubuta, Baba Saje. Kanu ba ya ɗaukar kalma goma, kuma duk wanda ke da wadda ta fi ta ya kawo, gobe in yi aiki da ita.